Mak Cik Sepiah, Mai Bin Sawun Tsofaffin Kyanwoyi

Kafin masu shayin bakin kasuwar Taiping su gama jera kujeru, Mak Cik Sepiah, wato Inna Sepiah, ta riga ta sauko daga bas ɗin farko. Ƙafar dama take fara saukewa, ta riƙe ƙarfen ƙofa, sannan ta jawo ta hagu, direba kuma ya san ba a yi mata gaggawa. Lema na hammatarta ko da gari ya waye fes, don duk wanda ya yarda da sararin garinmu to baƙo ne. Daga nan sai ta bi ta bayan rumfunan masu kifi zuwa gidan da ake tara kyanwoyin da aka yasar, ta buɗe kwaɗo, ta yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gidan mutane.

Keji sittin da ɗoriya ne a gidan. Na gaba-gaba na jarirai ne, waɗanda yara ke nunawa da yatsa su ce wa iyayensu wannan nake so. Na can baya kusa da famfo kuwa na tsofaffi ne, masu ɗingishi da masu ido ɗaya da waɗanda haƙora suka zube, kuma ba kasafai baƙo ke ƙarasawa wurin ba. Ita daga baya take farawa. Ta kwashe ƙazanta, ta wanke, ta shimfiɗa sabuwar jarida, ta zuba ruwa, ta murƙushe ƙwayar magani a cikin abinci, tana yi tana yi musu hira ƙasa-ƙasa a kan tsadar barkono da halin surukinta. A takardar aiki sunan matsayinta mai wanke keji. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan, sai a bana gwiwoyi suka ce sun gaji, 'yarta kuma ta zo daga Kuantan ta ce dole ta koma wurinta.

An yi mata 'yar walima, shayi da kek, aka ba ta agogon bango. Ban san wanda ya yi tunanin ba wa mai shirin hutawa agogo ba, amma Allah ya ƙara masa basira. Ni Baharom, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi, shi ya sa har yau Cikgu, wato malam, ake ce mini, kuma na ga wannan lissafin bai fita ba. Don haka na ɗauki biro.

Abin da ba a rubuta a takardar aikinta ba shi ne bincike. Duk tsohuwar kyanwar da aka kawo, Mak Cik Sepiah sai ta nemi gidan da ta fito, irin binciken da ake yi wa mai neman aure. Wa ya riƙe ta? A ina take kwana? Da wane harshe ake yi mata magana? Ba wanda ya sa ta, kuma a ranar hutunta take yi. Dokta Teoh, likitar dabbobin da ke zuwa gidan duk Talata, ita ta ba ni labarin wani tsohon muzuru da ya yi kwana shida bai ci ba. An auna jini, an duba baki, ba a ga komai ba. Mak Cik ta bi sawu har unguwar da aka tsinto shi, ta tarar marigayi mai shi a kan jarida yake zuba masa abinci, bai taɓa sanin kwano ba. Ta dawo ta shimfiɗa jarida a ƙasa ta zuba, muzuru ya cinye har yana lasar labaran wasanni.

"Shekara shida na yi a jami'a," in ji Dokta Teoh, tana dariya. "Ba a koya mini jarida ba."

Akwai kuma wadda ba ta barci sai a kan kujerar babur, don mai ita ɗan aike ne. Makanikin bakin titinmu ya ce shi Mak Cik ta zo ta roƙa tsohuwar kujera, ya ɗauka ta fara taɓuwa ne, ya ba ta don ta tafi. Waɗannan ji na yi. Wanda zan faɗa yanzu a gidana aka yi shi, kuma ni ne mai laifin.

Tun da na yi ritaya na zame wa matata Norizan ƙaya. In gyara mata jerin cokula, in ƙirga mata yawan albasar da ta yanka. Ran nan ta aje wuƙa ta ce, "Abang, ko ka nemi abin yi, ko in nemo maka." Abang, wato yaya, haka matan garinmu ke kiran mazansu. A makon farko na azumi na tafi gidan kyanwoyi da niyyar ɗauko jaririya mai wasa da zare. Na zaɓi wata 'yar fara, ina cikin yi mata wasa ta ragar keji sai na ji murya a bayana.

"Shekararka nawa, Cikgu?"

Na juya na ga tsohuwa da bokiti da takalmin roba. Na ce sittin da uku.

"Wannan in Allah ya raya ta za ta yi shekara sha takwas. Kai ne malamin lissafi, ka tara." Ta aje bokiti. "Zo in nuna maka sa'arka."

Raina ya ɗan ɓaci, amma na bi ta. A kejin ƙarshe ban ga komai ba sai kunnuwa biyu a bayan kwali. Ta ce sunanta Butang, wato maɓallin riga, don a cikin kwalin da aka ajiye ta a bakin ƙofa an tarar da maɓallai da ƙyallayen yadi. Ta kai shekara sha uku. Ƙodarta ta raunana, duk bayan kwana biyu sai an yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata da allura. Ba ta cizo, ba ta yakushi, ba ta kuma fitowa. Wata huɗu ke nan tana cin abinci kaɗan-kaɗan, shi ma sai ba kowa a wurin, kuma Dokta ta ce in ta ci gaba da zama a keji ba za ta ga Babbar Sallah ba.

"Ba na yi maka alkawarin za ta so ka," in ji Mak Cik. "Mai yiwuwa ta mutu ba ta taɓa hawa cinyarka ba. Ni dai ba na son ta mutu a nan."

Na durƙusa na leƙa. Kunnuwan suka kwanta, suka ɓace a bayan kwalin. Tausayi ya kama ni, kunya ma ta kama ni, don ban taɓa tunanin akwai layin baya a gidan ba. Na ce zan ɗauka.

Sai ta gindaya sharuɗɗa. Ɗaki guda, ƙofa a rufe. Ba baƙi a gidan har kwana arba'in. Sannan in koyi allurar da hannuna kafin ƙarshen watan Sallah, don a lokacin za ta bar gari. "In ba ka iya ba zan mayar da ita keji kafin in tafi. Da ni da kai mun san abin da hakan ke nufi."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ban gaya mata ni ne mutumin da aka taɓa yayyafa wa ruwa a asibiti don an ɗebi jininsa rabin cokali ba.

Butang ta shiga ƙarƙashin kabad ɗin ɗakin baya ta yi zamanta. Shaidar tana raye kawai kwano ne da nake tararwa an taɓa. Mak Cik ta sa na sayo kaza da fatarta, ta nuna mini yadda ake kama fatar bayan wuya a ɗaga, a soka allura a kwance. A kan kaza na zama gwani. Norizan ta leƙo kicin ta ce, "Kazar buɗa-bakinmu ka mayar majinyaciya? To in ta warke ka sanar da ni." Amma da an naɗo Butang a tawul, na ji ƙasusuwanta a tafin hannuna da zuciyarta tana bugawa, sai yatsuna su ƙi. Don haka duk bayan kwana biyu Mak Cik ke tasowa daga aiki, da azumi a bakinta, ta hau bas ta zo ta yi allurar, ta kalle ni ta ce, "Jibi kai ne." Jibi ta zo, ita ce dai.

A tsakanin nan tana ta bin shagunan teloli saboda maɓallan nan na kwali. Kowa ya san halin tela ana saura kwana goma Sallah, ko uwarsa ba ya ɗagawa ya kalla. Da idona na gan ta a ƙofar wani shago, telan yana ɗaga almakashi yana cewa, "Mak Cik, don girman Allah! Riga arba'in ke jirana, ke kuma kyanwa kike tambaya?" Ta ce, "To ka gama ta arba'in ɗin, ina zaune." Ta ja benci ta zauna kuwa. Na wuce ina cewa a raina wannan ɓata lokaci ne.

Sallah ta zo ana kwana ashirin da biyar da kawo Butang. A nan na yi wautar da nake jin kunyar rubutawa. Kowace shekara washegarin Sallah gidana a buɗe yake, tsofaffin ɗalibai da dangi da maƙwabta, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, kowa ya shigo ya ci lemang, shinkafar da ake dafawa cikin gora, da naman rendang mai yaji, ya tafi. Norizan ta ce bana mu haƙura, mun yi alkawari. Na ce shekara talatin ban rufe ƙofa ba, ba zan rufe saboda kyanwa ba, mutane su ce Cikgu ya talauce. Na rubuta KADA A BUƊE da manyan baƙaƙe na manna a ƙofar ɗakin baya, na ji na yi dabara.

Da azahar takalma sun cika baranda har sun gangara tsakar gida. Babbar yayata ta nemi wurin sallah, ta ga falo a cike, ta nufi ɗakin baya. Wata ta nuna mata takardar, ta ce, "Takarda ce za ta hana ni sallah a gidan ƙanena?" Ta buɗe, mata shida suka bi ta da dardumansu. Daidai lokacin yaran unguwa suka kunna nokawut a bayan taga. Waɗanda ke ɗakin sun ce abu kawai suka gani ya wuce, ya haye kabad, ya shige wata kafa a silin inda katako ya ɓalle, kafar da na yi shekara biyu ina cewa zan gyara.

A ranar ya kamata a yi mata ƙarin ruwa da yamma. Mak Cik ta ce tunda Sallah ce in gwada da kaina, in na kasa in kira ta. Ban kira ba. Na ɗauko tsani da tocila, na zura kai cikin silin ina kiran sunanta, na tura kifi a kan sanda. Duk motsin da na yi sai ta ƙara matsawa, har ta kai can lungun da kwanon rufi ya haɗu da bango, inda hannu ba ya kaiwa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Gari ya waye ba ta sauko ba, ba ta sha ko ɗigon ruwa ba, kuma na san abin da rana ke yi wa ƙarƙashin kwano daga ƙarfe sha ɗaya.

Norizan ta miƙo mini waya. "Girman kanka ko ranta. Zaɓi ɗaya."

Na kira, na faɗi gaskiya duka. 

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da azahar."

"Kada wanda ya sake taka tsanin nan. A kashe talabijin. Ga ni nan."

Ta iso da kayan Sallarta, shuɗin yadi mai sheƙi, ta baro 'yarta da jikoki a kan tabarmar abinci. Na fara ba da haƙuri tun daga ƙofa, ta ɗaga hannu.

"Faɗa ba ya sauko da kyanwa. Naka yana nan, zan yi maka daga baya. Norizan, kuna da keken ɗinki? Na ƙafa, ba na lantarki ba."

Muka kalli juna. Akwai na marigayiya mahaifiyar Norizan, an lulluɓe shi da leshi an ɗora masa tukunyar fure shekara da shekaru. Muna kwashe furen tana ba mu labari. Ana saura kwana uku Sallah ta samo shagon, a wani lungu bayan wurin ibadar Hindu, an garƙame shi da kwaɗo. Matar da ke sayar da furanni a maƙwabta ta ce na wani tsohon tela ne, Periasamy, ya rasu a farkon shekara, ɗansa ya zo daga Singapore ya kwashe kaya. Kyanwar kuwa tun tana jaririya a ƙarƙashin kekensa take kwana, jikinta a jikin ƙafarsa, yana ɗinki tana barci. In keke ya tsaya da daɗewa sai ta farka. Mak Cik ta so ta bari hidimar Sallah ta wuce sannan ta gaya mini.

Muka ja keken zuwa ɗakin baya, muka ajiye shi kusa da kabad. Ta ɗiga masa mai, ta zare allurarsa, ta zauna ta ɗora ƙafafu a kan feda. Ta ce mu zauna a ƙasa, kada wanda ya ɗaga kai ya kalli silin. Sai ta fara takawa.

Ba takawar banza take yi ba. Ta tambayi mai furanni yadda tsohon ke ɗinki, aka ce yakan ja na ɗan lokaci, ya tsaya ya juya yadi, ya yi gyaran murya, ya ci gaba. Haka ta yi ta yi, har da gyaran muryar. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. Zafi ya sauko daga rufi, gumi ya jiƙe mata mayafi. Da ƙafar hagu ta fara ƙi sai na ga ta ɗora tafin hannu a kan gwiwar tana dannawa. Wannan gwiwar ce fa likita ya ce ta daina hawa ko matakala da ita. Lokacin azahar Norizan ta karɓe ta, Mak Cik ta yi sallah a zaune, tana sallamewa ta ce, "Tashi, kina gudu. Tsoho ne, ba mai tseren keke ba."

Na ce ta huta in karɓa. Ta ce lokacina bai yi ba.

Wajen ƙarfe uku hadari ya fara haɗuwa a kan dutsen bayan gari kamar kullum. Na ga Mak Cik ta kalli taga, kuma na gane abin da take tsoro: in ruwa ya sauka a kan kwano, ko jirgi ake tuƙawa a ɗakin Butang ba za ta ji ba. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Muna nan sai ga 'yar ƙura tana zubowa daga kafar silin. Na saci kallo ta gefen ido. Fuska ce, ƙura ta rufe gashin baki, idanu sun faɗa.

Mak Cik ba ta daina takawa ba. Ta yi magana ba tare da ta motsa kai ba.

"Cikgu, rarrafo. Zo ka zauna nan."

"Ni? Ai ke ta sani. Ki bari ta sauko tukuna."

"Ƙafar da ta tarar a nan ita za ta riƙe. Ni tafiya zan yi. Sa ƙafarka gefen tawa, kada keken ya tsaya."

Na sa. Ta zame daga kan kujera a hankali, ta ja jiki zuwa kusurwa, ta juya fuskarta ga bango. Awa huɗu ta yi tana kiran kyanwar nan da gwiwoyin da ba su da lafiya, da lokacin amsawa ya zo sai ta ba ni wurin. Ni kuwa ban taɓa taka keke ba, sau biyu yana juyawa da baya, Norizan na gyara shi da hannu tana hararata. Na ji dirar ƙafa a kan kabad. Can kuma na ji wata a ƙasa, mai rauni. Na ci gaba da takawa, na tsaya, na yi gyaran murya irin na mutumin da ban taɓa gani ba. Sai na ji ɗumi a idon sawuna. Ta shinshina, ta zagaya sau ɗaya, ta kwanta ta jingina bayanta da ƙafata.

Kuka na yi, ba zan ɓoye ba. Ina takawa hawaye na zuba a kan rigar Sallah.

"Ka gama?" in ji Mak Cik daga kusurwa. "To kama fatar wuyanta ka saki. Ta koma?"

Na kama na saki, fatar ta tsaya a tattare. Ta ce jikin ya bushe, ba a jira. Norizan ta riƙa juya keken da hannu don ƙarar kada ta yanke, ni kuma na sauko ƙasa. Mak Cik ta ɗauko ledar ruwan ta ɗaga sama daga inda take, ta turo mini bakin tiyo da allura. Na ce tsoro nake ji.

"Ka yi ta ji. Ba tawul yau, ba hannuna. Ɗaga fatar. Kaza ce, Cikgu. Bismillah."

Na ce bismillah na soka. Butang ta ɗan motsa kunne, shi ke nan. Ruwa ya fara tafiya, na ga fatar tana tasowa a hankali a ƙarƙashin yatsuna. Ledar ba ta kai inda aka yi mata alama ba sai sama ta ɓarke, kwano ya ɗauki ƙara, amma Butang ta riga ta lumshe ido.

Da muka fito falo Mak Cik ta miƙe ƙafafu a kan kujera, gwiwoyin sun kumbura har ana gani ta cikin zani. Norizan ta kawo mata lemang da shayi. Ta ci ta ƙoshi, ta goge hannu, sannan ta ce, "Yanzu saura faɗana." Ta yi shi kuwa, tiryan-tiryan. Ta ce ta ga jakai da yawa a rayuwarta amma ba ta taɓa ganin mai takardar shaidar koyarwa ba sai yau. Ta ce kyanwa ba ta karatu, yayata ma ga alama ba ta yi. Na sunkuyar da kai ina cewa na'am, matata na bayan labule tana shan dariya.

Mak Cik Sepiah, yanzu da ke nake. Ke ce mai fara aiki daga layin baya. Ke ce kika ɗauki dabbar da ba ta da bakin faɗin inda ta fito, kika bi kwararo-kwararo kina tambaya a madadinta, teloli na korar ki kina jan benci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kin yarda ki zama mai tawul da allura, wadda suke gudu in sun ji takunta, don su so wasu. Na tambayi Dokta Teoh ko a shekara ashirin da huɗu kin taɓa kai ɗaya gidanki, ta ce mai gidan hayarki bai yarda da dabba ba. Ɗaruruwa kika raka gidajen mutane, ke kuma ki hau bas ki koma ɗaki ke kaɗai. Uwar marasa gata, Allah ya saka miki da alheri, ya sanyaya miki gwiwoyin nan, ya sa jikokinki su riƙe ki yadda kika riƙe bayinsa marasa magana.

Butang tana nan. Duk bayan kwana biyu ni ke yi mata allura, kuma tana shiga. Ta ƙara nauyi kaɗan, Dokta ta ce ƙodar ba za ta warke ba, sai dai za a iya tafiya da ita a haka zuwa lokacin da Allah ya so. Har yau ba ta hau cinyata ba. Da safe nakan taka keke rabin awa, kuma tunda ana takawa Norizan ta mayar masa da allura ta koya mini dajiya, yanzu duk wani zanin gado na gidan ya sha ɗinki ko yana so ko ba ya so.

Ranar da Mak Cik za ta tafi, motar 'yarta ta tsaya a ƙofar gidanmu. Na ce ta shigo ta yi sallama da Butang. Ta ƙi fitowa.

"In ta ji warina keji za ta tuna. Bar ta ta manta da ni, shi ne alherin da zan yi mata." Ta gyara mayafi. "Tana ci?"

"Tana ci."

"To shi ke nan. Ka leƙa layin baya in ka sami lokaci. Na bar saƙo."

Na je washegari. Tsofaffi bakwai suka rage a wurin, kuma a ƙofar kowane keji ta ɗaura ɗan kati da rubutunta mai karkata. Wannan yana son rediyo a kunne, tashar Sinanci. Wannan ba ta shan ruwa sai daga famfo mai ɗiga. Wannan a cikin kwandon wanki take kwana, kada a wanke ƙyallen. Duk wahalar ta riga ta sha muku, ku da kuke karanta wannan. Abin da ya rage shi ne ku wuce kejin jarirai, ku ƙarasa bakin famfo, ku karanta kati, ku duba ko gidanku yana da rediyo ko kwandon wanki. Ba za su daɗe muku ba, kuma akwai magani da ɗawainiya, ba na yi muku ƙarya. Amma in mutumin da ya suma saboda rabin cokalin jini ya iya, ban ga mai uzuri ba.

Kati na bakwai ne ya hana ni sukuni. Na wani baƙin muzuru ne mai yankakken kunnen hagu da farin tabo a ƙirji, an tsince shi a tashar bas wata biyu da suka wuce, yana zaune ya ba ƙofa baya. Abin da ta rubuta kawai shi ne: "Na nema ban samu ba. Lokaci ya ƙure mini. Ya yafe ni."

Na san ta. Tana can Kuantan ta miƙe ƙafa a kan matashi, amma zuciyarta na tashar bas. Jiya na fara tambayar direbobi da masu sayar da tikiti, an yi mini dariya, na ja benci na zauna. Duk wanda ya san gidan da muzurun nan ya fito, ko ya san abin da ya saba da shi, don Allah ya neme ni. Zan cike katin, in ɗauki hotonsa in aika mata, ko baiwar Allah ta samu ta huta.